Nasarar Jiya da Son Riƙe Ragama: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai mutumin da ko shinkafar gida ba ya yarda wani ya sayo masa, akwai kuma wanda kome aka tambaye shi sai ya ce "duk yadda kuka yi daidai ne." Mukan ce hali ne, kowa da irin nasa. Masana halayyar ɗan Adam sun fi shekara 50 suna bin diddigin wannan bambanci, kuma abin da suka gano shi ne babban ɓangare na halin yana fitowa daga tarihin mutum: abin da ya same shi a lokutan baya da aka bar shi ya zaɓa da kansa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun.

Mene ne alaƙar nasarar da ta wuce da son yin zaɓi?

Duk lokacin da mutum ya yanke shawara da kansa kuma abin ya yi kyau, zuciyarsa tana haɗa abubuwa biyu wuri guda: "ni na zaɓa" da "an dace." Idan haka ta maimaitu, sai ya fara jin cewa alheri yana tare da hannunsa. Daga nan zai so a riƙa barinsa ya zaɓa, zai ji nauyin miƙa wa wani al'amari, kuma shawarar mutane za ta rage daraja a kunnensa. Wanda kuwa ya sha zaɓa yana faɗuwa, ko wanda ba a taɓa barinsa ya zaɓa ba, yakan gwammace a yanke masa.

Matsalar da ta sa batun ya cancanci dogon bayani ita ce zuciya ba ta tantance asalin nasara. Wadda ƙwarewa ta kawo da wadda sa'a ta kawo, daɗinsu ɗaya ne, kuma darasin da suke koyarwa ɗaya ne.

Ashe ba kowa ne ke son ya zaɓa da kansa ba tun asali?

Kowa yana so, gwargwado. A 2011 Lauren Leotti da Mauricio Delgado na Jami'ar Rutgers a Amurka sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga cewa da zarar an nuna wa mutum alamar za a ba shi zaɓi, sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa idan ana sa ran lada yana motsawa, alhali kuɗin da zai samu bai ƙaru ba.

Har biya mutane suke yi don kada al'amari ya bar hannunsu. A wani bincike na 2014, David Owens da abokan aikinsa biyu sun ba mutane dama su jingina ladansu a kan amsar da suka bayar da kansu ko a kan amsar wani. Da yawa sun zaɓi tasu ko a inda su da kansu suka yi hasashen ta wancan ta fi kusa da daidai, suka yi asarar tsakanin kashi 8 zuwa 15 cikin 100 na abin da za su iya samu. Tun kafin wannan, a 1975, Ellen Langer ta sayar wa ma'aikatan ofis tikitin ƙuri'a a kan dala 1. Wasu ta bar su suka zaɓi tikitinsu, wasu ta miƙa musu kawai. Da aka dawo ana neman sayen tikitin daga hannunsu, waɗanda aka miƙa wa sun nemi dala 1 da santi 96 a matsakaici, waɗanda suka zaɓa da kansu kuwa dala 8 da santi 67. Damar cin kowane tikiti ɗaya ce.

Saboda haka son zaɓi yana nan a jiki. Nasara ƙara masa ƙarfi take yi, faɗuwa kuma ta dusashe shi.

Idan abu na sa'a ne tsantsa, ai mai hankali zai gane ba iyawarsa ba ce?

Nan ne aka fi samun mamaki. A 1975 ɗin dai, Langer da Jane Roth sun tara ɗalibai 90 na Jami'ar Yale, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka. Aikin mai sauƙi ne: za a jefa kwabo sama sau 30, kowane jefi ɗalibi ya faɗi ɓangaren da zai faɗo. Abin da ɗaliban ba su sani ba shi ne an riga an tsara sakamakon. Kowa zai ci sau 15, ya faɗi sau 15. Bambancin kawai a jeri yake: wasu an tara musu cin a farko, wasu a ƙarshe, wasu an warwatsa.

Da aka gama aka tambaye su, waɗanda suka fara da ci sun ɗauki kansu gwanayen canka fiye da sauran. Sun tuna cewa sun ci fiye da yadda suka ci a zahiri, kuma sun yi hasashen za su fi ci idan aka sake. A cikin ɗaliban gaba ɗaya, kusan kashi 40 cikin 100 sun ce da za a ba su lokaci su yi atisaye da sun ƙara ƙwarewa, kuma fiye da rubu'insu sun ce idan aka ɗauke musu hankali ba za su yi ƙoƙari ba. Kwabo ake magana, wanda ba ya jin atisayen kowa.

Abin lura a nan shi ne waɗannan ba jahilai ba ne, sun san lissafi. Ci huɗu ko biyar a jere ya ishe su gina labari a kan kansu, kuma faɗuwar da ta biyo baya ba ta rushe labarin ba, domin an riga an sami sunan da za a ba ta: rashin sa'a.

Me ya sa nasarar farko ta fi ta baya tasiri?

Domin a farko ne mutum yake neman amsar tambayar "na iya ko ban iya ba?" Da ya sami amsa, sauran abubuwan da za su faru ta wannan amsar zai riƙa fassara su.

Masu damfara sun san wannan sarai. Lokacin da MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta mamaye Najeriya a 2016 da alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, Babban Bankin Najeriya da hukumar kula da hannayen jari sun yi ta gargaɗi. Amma wanda ya zuba dubu 20 ya ga ta dawo da ƙari, gargaɗin ba ya shiga kunnensa, don a ganinsa ya gwada da hannunsa ya gani. Na biyu sai ya zuba abin da ya fi haka, ya jawo ƙaninsa da matarsa. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane. Biyan farko shi ne jarin ɗan damfara, da shi yake sayen amincewar mutum da kansa. Haka shagunan cacar ƙwallo suke riƙe matasa: yaro ya canka wasa uku daidai a makon farko, daga nan ya zama masanin ƙwallo a idon kansa, alhali idan aka tara abin da ya zuba da abin da ya karɓa a shekara, asara ce zalla, ban da haramcin abin.

To laifi ne wanda ya yi nasara ya yarda da kansa?

Ko kusa. Da babu wannan yarda da babu wanda zai buɗe shago ko ya shiga ɗakin tiyata. Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana a 1977 cewa imanin mutum da iyawarsa yana samuwa ta hanyoyi huɗu: abin da ya taɓa yi da hannunsa ya yi nasara, ganin irinsa ya yi, ƙarfafawar baki daga mutane, da yanayin jikinsa lokacin aikin. Ya ce ta farko ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya yi aiki da masu mugun tsoron maciji, yana bi da su mataki-mataki, daga kallo ta bayan gilashi har zuwa taɓawa, kuma kowane mataki da suka tsallake yana ba su ƙarfin na gaba.

Tambayar da ta dace ita ce a wane irin fage aka yi nasarar. Daniel Kahneman da Gary Klein, masana biyu da suka daɗe suna saɓani kan ko za a amince da hasashen ƙwararru, sun haɗu sun yi rubutu tare a 2009, suka daidaita a kan sharaɗi biyu. Na ɗaya, fagen ya kasance mai ƙa'ida, abu kaza yana haifar da kaza a kai a kai. Na biyu, mutum ya daɗe yana yi kuma yana ganin sakamakon aikinsa da wuri, ƙarara. Bakanike ya cika sharuɗɗan nan: ya ce matsalar daga kaza take, ya gyara, mota ta tashi ko ta ƙi. Tela ma haka, ungozoma ma haka, mahauci da ke kallon bijimi ya faɗi naman da zai fitar shi ma haka. Irin waɗannan idan suka ce a bar musu, a bar musu. Mai hasashen farashin dala a wata shida masu zuwa bai cika ko ɗaya ba, kome yawan lokutan da ya taɓa dacewa.

Yaya abin yake a kasuwa?

Brad Barber da Terrance Odean sun bincika asusun gidaje 66,465 masu saye da sayar da hannun jari a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Kasuwar gaba ɗaya ta ba da ribar kashi 17.9 cikin 100 a shekara. Waɗanda suka fi kowa yawan saye da sayarwa, wato masu ganin sun fi kowa sanin lokacin shiga da na fita, kashi 11.4 suka samu. Yawan sa hannu ne ya cinye musu riba. Odean da Simon Gervais sun bayyana yadda abin ke ginuwa: ɗan kasuwa yana ɗaukar riba a matsayin shaidar basirarsa, asara kuma ya ɗora wa yanayi, don haka wanda ya fara da sa'a shi ya fi saurin wuce gona da iri.

Ba sai an je Amurka ba. Bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a tsakiyar 2023, farashin hatsi ya yi tashin da ba a saba gani ba. Duk wanda ya sayi masara ko gero da kaka ya ajiye, ya ci riba mai kauri, ko ya san harkar ko bai sani ba. Ma'aikata da 'yan fansho da masu wasu sana'o'i suka shigo ajiya, wasu da bashi. A 2025 farashi ya sauko, kuma da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Tsofaffin 'yan kasuwar Dawanau da suka ga shekarun tashi da na faɗi sun san ajiya tana da fuska biyu. Wanda shekara biyu kawai ya gani, kuma duka biyun na riba ne, ba shi da abin da zai auna iyawarsa da shi.

Me ya sa wasu manyan 'yan kasuwa ba sa iya sakin makulli ga kowa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin ta shafi gidaje da yawa. Alhaji ya fara da talla, ya kai ga shago, ya kai ga shaguna. Duk shawarar da ta kai shi nan shi ya yanke ta, kuma sau da yawa ya yanke ta ne alhali mutane suna cewa kada ya yi. Me zai sa yanzu ya saurari ɗansa da ya gama jami'a jiya, ko yaron shagon da shi ya koya masa auna yadi? A wajensa riƙe komai shi ne abin da ya yi aiki shekara 30.

Pino Audia da Edwin Locke da Ken Smith sun duba irin wannan a 2000, a kamfanonin jiragen sama da na manyan motocin dakon kaya na Amurka, bayan gwamnati ta sassauta dokokin harkokin biyu a 1978 da 1980. Kamfanonin da suka fi samun nasara kafin canjin su suka fi nacewa a kan tsohuwar hanya, kuma nacewar ta jawo musu koma-baya. A gwajin da suka haɗa da binciken sun ga cewa wanda ya saba da nasara yana rage neman bayani daga masu sukar ra'ayinsa.

Illar ba ta tsaya a kan Alhaji ba. 'Ya'yan da ba a taɓa bari su sayi kaya da kansu, su yi ciniki, su yi kuskure ƙarami su gyara ba, ranar da aka wayi gari babu shi, dukiya za su gada ba tare da sun gaji iyawa ba. Mun sha ganin shagon da ya yi suna ya mutu shekara kaɗan bayan rabon gado, sai a ce yaran ba su da kai. Sau da yawa kai yana nan, hannu ne ba a taɓa saki musu ba.

Wanda kuma ya sha faɗuwa fa?

A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun yi gwaji da karnuka a Jami'ar Pennsylvania, gwajin da ba shi da daɗin ji. Wasu karnukan ana ba su jan lantarki amma suna iya tsayar da shi idan suka danna wani abu. Wasu kuwa kome suka yi ba ya tsayawa. Washegari aka sa su a akwatin da tsallake ɗan ƙaramin shinge kawai zai raba su da azabar. Na farko suka tsallake. Mafi yawan na biyu suka kwanta suna kuka, ƙofa a buɗe amma ba su gwada ba. An maimaita irin gwajin da mutane ta hanyar ƙara mai damun kunne, aka ga abu makamancin haka.

Bayan shekara kusan 50, a 2016, mutanen biyu suka sake duba batun da abin da aka gano game da ƙwaƙwalwa, suka ce sun fahimci abin a juye. Sallamawa idan wahala ta daɗe ita ce asali a jikin dabba. Abin da ake koya shi ne "ina da abin yi," kuma ana koyonsa ne ta hanyar taɓa yin wani abu ya yi tasiri. Wannan ya canza yadda ya kamata mu kalli matashin da ya nemi aiki har ya gaji ya zauna, ko matar da duk abin da ta kawo a gida sai an ƙi. Idan irinsu suka ce "duk ɗaya ne," kada a yi saurin kiransa lalaci.

Ana iya dawo wa mutum da wannan ƙarfin?

Ana iyawa, kuma gwajin karnukan ma ya nuna hanya: waɗanda aka fara ba su damar kuɓuta da kansu kafin su haɗu da azabar da ba ta da mafita, ba su sallama ba daga baya. Nasarar farko ta zama musu kariya.

Sai dai nasarar da aka shirya wa mutum don a faranta masa ba ta wadatar ba. Carol Dweck ta yi aiki a 1975 da yara 12 da suke rikicewa da zarar sun faɗi lissafi. Rabinsu an riƙa ba su tambayoyin da za su ci kawai. Sauran an bar su suna faɗuwa jefi-jefi, ana gaya musu ƙarin ƙoƙari ake buƙata. Na biyun ne suka koyi tsayawa bayan faɗuwa. Na farkon da suka sake haɗuwa da abu mai wuya, suka koma gidan jiya.

Tsarin koyon sana'a namu, idan ubangida mai adalci ne, yana da wannan hikimar. Yaro ya fara da shara da aike, sai a bar shi ya yi ciniki ƙarami, sai a bar masa shago na yini, sai a aike shi sari, kafin a sallame shi da jari. Kowane mataki da zaɓi na gaske a cikinsa, da yiwuwar asara wadda ba za ta karya shi ba.

Shin tsofaffi ma suna buƙatar wannan?

Ƙwarai. A 1976 Langer da Judith Rodin sun je wani gidan kula da tsofaffi a jihar Connecticut. Mazauna wani bene aka ce su tsara ɗakunansu yadda suke so, su zaɓi daren da za su kalli fim, kuma kowa ya zaɓi shukar da zai riƙa ba ruwa da kansa. Na wani benen aka ce ma'aikata za su yi musu komai. Na farkon sun fi walwala da kuzari, kuma bayan wata 18 waɗanda suka rasu a cikinsu kashi 15 ne cikin 100, a ɗaya benen kashi 30. Mutanen ba su kai 100 ba, don haka ba a gina babban hukunci a kan alƙaluman mutuwar, amma darasin walwalar ya tsaya. Mu da muke riƙe iyayenmu a gida, wani lokaci tausayi yakan sa mu karɓe musu komai: "Baba, zauna ka huta," "Inna, bari a yi miki." Mutumin da ya shekara 50 yana juya gida, a bar masa wani abu da shi ne mai yanke shi.

Wannan son "ni zan zaɓa" ba al'adar Turawa ba ce?

Akwai gaskiya a ciki. Sheena Iyengar da Mark Lepper sun gwada yara 'yan shekara 7 zuwa 9 a San Francisco a 1999. 'Ya'yan Turawa sun fi ƙoƙari a aikin da suka zaɓa da kansu. 'Ya'yan 'yan asalin Sin da Japan kuwa sun fi ƙoƙari da aka ce musu mahaifiyarsu ce ta zaɓa musu. Amma da aka ce baƙon da ke gudanar da gwajin ne ya zaɓa, duka ɓangarorin biyu ƙoƙarinsu ya ragu. Ke nan miƙa zaɓi ga wanda ka amince da shi daban yake da a ƙwace maka shi. Yaron da ya ce "duk abin da Baba ya ce" saboda ya ga shawarar Baba tana fisshe shi, shi ma nasarar baya ce ke masa jagora, sai dai nasarar ta Baba ce.

Ina matsayin ƙaddara da tawakkali a nan?

Musulmi ya riga ya sami gargaɗi a kan wannan tarko. A Suratul Ƙasas, aya ta 78, da aka yi wa Ƙaruna nasiha kan dukiyarsa, amsarsa ita ce an ba shi ne saboda wani ilimi da ke wurinsa. A Suratut Tauba, aya ta 25, an tuna wa Musulmi ranar Hunainu, a shekara ta 8 bayan hijira, makonni kaɗan bayan buɗe Makka, lokacin da yawansu ya burge su, kuma yawan bai amfane su da komai ba a farkon karawar. Umarnin yin shawara a Suratu Ali Imrana, aya ta 159, ga Manzon Allah (SAW) aka yi shi, wanda ya fi kowa dacewa.

Ɗaya gefen ma an toshe shi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka ce ya ɗaure raƙumarsa sannan ya yi tawakkali ya hana a fake da ƙaddara a bar abin da ke hannu. Wanda faɗuwa ta sa ya daina gwadawa yana kiran abin haƙuri, da wanda nasara ta sa ya daina jin shawara yana kiran abin ƙwarewa, duka biyun suna buƙatar a zauna da su.

Ta yaya zan gane ko nasarata ta iyawa ce ko ta sa'a?

Ka fara da duba waɗanda suka yi abin tare da kai a lokaci ɗaya. Idan duk wanda ya sayi fili a unguwar ya ci riba, ribar ta unguwa ce. Sannan ka tambayi kanka sau nawa ka yi, kuma ko ka taɓa yi a shekarar da kasuwa ta juya baya.

Abin da ya fi amfani shi ne rubutu, domin tunani yana riƙe ci ya zubar da faɗuwa, kamar yadda ɗaliban Yale suka nuna. Kafin ka yanke babbar shawara, rubuta abin da kake sa ran zai faru da dalilinka, da kwanan wata, har da shawarar da wani ya ba ka ka ƙi. Bayan wata shida ko shekara ka buɗe littafin. Inda hasashenka ya riƙa fitowa daidai kuma saboda dalilin da ka rubuta, riƙe wannan fagen da hannunka. Inda ya fito daidai amma ta wata hanya dabam, ko inda wanda ka ƙi jin maganarsa ya fi ka dacewa sau da yawa, wannan fagen ka nemi wanda za ka miƙa wa, ka yanka masa iyakar kuɗin da zai juya, ku sa ranar da za ku zauna ku duba lissafi tare.